Tikitin Zanzibar da Ban Yanka Ba Yau

Asabar, tsakiyar watan Afrilu, Kano.

Tun da na dawo daga sallar asuba ban koma barci ba, domin na ɗaukar wa kaina alkawarin cewa kafin rana ta faɗi zan yanke mana tikitin zuwa Zanzibar, ni da maiɗakina. Yanzu da nake wannan rubutu ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta gota, tikiti bai yanku ba, amma raina bai ɓaci ba, saboda da na yi gaggawar da na yi niyya da safe, da wataƙila kuɗin da muka shafe shekara biyu muna tarawa sun tafi a banza.

Bayan karin kumallo na shimfiɗa kwamfuta a falo na fara da hanya. Babu jirgin da ke tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya dire kai tsaye a tsibirin, don haka dole a yada zango a wani wuri. Hanyar da ta fi mana sauƙi ita ce ta jirgin Habasha, wanda zai kai mu Adis Ababa cikin sama da awa huɗu, mu jira a filin jirgi na Bole, sannan mu hau wani zuwa Zanzibar, tafiyar kusan awa uku. Akwai kuma hanyar Nairobi, sai dai ita tana nufin mu fara sauka Legas, mu biya kuɗin jirgin cikin gida, wataƙila ma mu kwana a can, abin da ya cinye ɗan rangwamen da na hango tun farko. Na kuma auna shawarar wani abokin aikina, wanda ya ce mu sauka a Darussalam mu ƙarasa da jirgin ruwa, tafiyar da ba ta wuce kimanin awa biyu ba. Ni abin ya burge ni, amma maiɗakina, wadda ko kwale-kwalen Tiga ba ta taɓa yarda ta shiga ba, ta ce idan ana son ta ga teku to a bar ta ta fara ganinsa tana tsaye a kan ƙasa. A nan aka rufe wannan babi.

Mun tsayar da watan Agusta ne saboda dalili biyu. A lokacin yara suna dogon hutu, za su zauna wurin Hajiya ba tare da an damu da kai su makaranta ba. Sannan yanayin can ya dace, domin babbar daminarsu, wadda suke kira masika, tana sauka ne daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar kuma wajen Nuwamba, alhali daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake da ɗan sanyi-sanyi. Wato a daidai lokacin da ruwan Agusta ke cika kwatocin Kano, su suna cikin rani. Matsalar kawai ita ce Turawa ma a lokacin suke hutunsu, shi ya sa kuɗin ɗakuna ke hawa, kuma shi ya sa nake ta ɗokin in kama kujera da wuri.

Wajen ƙarfe goma na samu farashin da ya kwanta mini, da jaka biyu ga kowane mutum, kowace kilo 23. Na cike sunayenmu, na kai har wurin biya, sai shafin ya nemi ranar ƙarewar fasfo. Nawa yana da sauran shekaru. Da maiɗakina ta ɗauko nata daga cikin akwatin da take ajiye takardun haihuwar yara, sai muka ga zai ƙare a watan Disamba mai zuwa. Tanzaniya, kamar ƙasashe da yawa, tana son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida daga ranar shiga, nata kuwa wata huɗu kacal zai rage masa a Agusta. Laifin nawa ne, domin tun bara ta tuna mini, na ce mata akwai lokaci.

Wannan tuntuɓe ne ya sa na koma na karanta sharuɗɗan biza a natse, maimakon dogaro da abin da na ji a bakin mutane. Zanzibar tana da shugabanta da majalisarta, amma tun haɗewarta da Tanganyika ranar 26 ga Afrilu, 1964, harkar shige da fice a hannun gwamnatin tarayyar Tanzaniya take, don haka bizar Tanzaniya ake nema. Kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 50 ne, kuma ana cike takardar ta intanet. Abin da ban sani ba sai yau shi ne fasfon Najeriya yana cikin rukunin waɗanda sai an miƙa buƙatarsu ga manyan jami'ai sun amince tukuna, kuma hukumar shige da ficen ƙasar da kanta tana ba masu irin wannan fasfo shawarar su nema tun da sauran wata biyu, kada kuma su sayi tikiti ko su biya kuɗin masauki kafin amincewar ta fito. Na karanta wannan jimla sau uku. Ashe na ɗauko aikin ne ta wutsiya. Sai an sabunta fasfo, sannan a nemi biza da sabuwar lambarsa, sannan a yanki tikiti, kuma tikitin mai rahusa da na kusa biya irin wanda ba a mayar da kuɗinsa ne.

Ba zan ɓoye ba, abin ya ɗan sosa mini rai cewa Bafaranshe ko Bajamushe zai iya yanke shawara yau ya sauka gobe, ni kuwa da nake nahiya ɗaya da su, alƙiblarmu ɗaya da mafi yawan mutanen tsibirin, sai na jira makonni. Amma ƙasa tasu ce, doka tasu ce, kuma mu ma muna da namu sharuɗɗan da muke gindaya wa baƙi.

Bayan azahar na leƙa gidan Hajiya don in sanar da ita maganar zaman yara. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni abin da na san za ta tambaya: "Yanzu kai duk kuɗin nan, ba gara ku ƙara ku tafi Umara ba?" Na ce, "Hajiya, ai da izinin Allah ita ma tana nan tafe, wannan alkawari ne na yi wa uwar yaran nan tun shekarar da muka yi aure." Na ƙara mata da cewa garin Musulmi ne, ana kiran salla ko'ina, ba za mu sha wahalar neman abincin halal ba, kuma a kudancin tsibirin, a wani ƙauye mai suna Kizimkazi, akwai masallacin da rubutun jikin bangonsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Abin da ya sauko da ita dai shi ne da na ce daga can ake kawo kanumfari. Nan take ta ce in taho mata da mai yawa, da kirfa, kuma kada in yarda a sayar mini da wanda ya sha iska. Ta sa mana albarka, na fito.

Daga can na biya Wapa don jin yadda canji yake. Ban sayi ko dala ɗaya ba, amma wani dattijo da na saba canji wurinsa ya ja hankalina cewa idan lokaci ya yi in nemi sababbin takardu masu tsabta, domin a ƙasashen gabashin Afirka ana yawan ƙin karɓar tsofaffin bugu, kuma in haɗa da ƙananan takardu saboda ba ko'ina ake samun canjin ɗari ba. Kuɗin ƙasar shilin ne, da shi za mu yi cefane da hawa mota. Na rubuta a littafina cewa ba zan dogara da katin banki kaɗai ba, don na taɓa tsayawa a gaban kanta a wata ƙasa katin ya ƙi, ina ji ina gani na mayar da kaya.

Da la'asar muka zauna kan abin da ya fi cin lokacinmu yau, wato inda za mu sauka. Abin da ake kira Zanzibar tarin tsibirai ne, manyansu biyu Unguja da Pemba, kuma Unguja ne masu yawon buɗe ido suka fi nufa, a nan filin jirgin Abeid Amani Karume yake. Hotunan da suka fara jan hankalin maiɗakina na gabashin tsibirin ne, Paje da Jambiani, farin yashi kamar an tankaɗe gari. Sai dai a wannan gefen ruwa yana janyewa nesa ƙwarai sau biyu a yini, har mutum ya yi doguwar tafiya a kan jiƙaƙƙen yashi kafin ya tarar da shi, kuma a wannan fili ne matan ƙauyukan suke noman ciyawar teku, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya yin nisa haka, ana iya shiga kusan kowane lokaci, ga faɗuwar rana a kan teku, amma can ne cunkoso da kiɗan dare suka fi yawa. Na ɗauka za ta zaɓi arewa saboda kyan hoto. Sai ta ce ita ba iyo za ta je yi ba, kuma ta fi son wurin da za ta zauna da hijabinta ba tare da ta zama abin kallo ba, ta ga yadda matan nan suke aikinsu, in ta samu dama ma ta tambaye su nawa suke samu. Ni ma da na sake tunani na ga janyewar ruwan ba aibi ba ce a wurin mutanen da suka taso a inda babban ruwansu shi ne dam. Mun tsaya kan kwana huɗu a Jambiani.

Sauran kwana ukun na Stone Town ne, tsohon garin da su suke kira Mji Mkongwe, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Wannan ɓangaren nawa ne, kuma na amsa cewa son tarihi ne ya ja ni. Ina son in bi lungunan nan da mota ba ta shiga, in ga ƙofofin katako masu sassaƙa, in kwatanta su da lungunan cikin birni na Kano. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa nan daga Maskat wajen 1840, arzikin garin kuma ya ginu a kan kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi. An rufe kasuwar bayin a 1873, aka gina cocin Angilika a wurin, kuma na ƙudurta sai na je na tsaya a can, domin Bakano ba shi da bakin da zai ce wannan tarihi na wasu ne, tunda kasuwar Kurmi ma ta ga irinsa. Gidan da ake kira Baitul Aja'ib, wanda Sarki Bargash ya gina a 1883, wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, don haka ban sa rai da shiga ba, ko daga waje na gan shi ya isa. Maiɗakina ta sa sharaɗin kasuwar Darajani da rana, da lambun Forodhani da dare, inda ake gasa kifi da sauran kayan teku a bakin ruwa. Ta ce kifi za ta ci, amma dabbar tekun nan mai hannaye takwas ko kyauta aka ba ta ba ta so. Idan lokaci ya ragu za mu tsaya dajin Jozani a hanyarmu ta zuwa gabas, mu ga jajayen biran da babu irinsu sai a tsibirin.

Bayan isha na sake lissafi, sai ga wasu kuɗaɗen da ban sa a farko ba. Tun 1 ga Oktoba, 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya daga kamfaninta, dala 44 ga babba, ko da mutum yana da wata inshorar daga gida. Mu biyu dala 88 ke nan, a kan dala 100 ta biza, ban da harajin da masaukai ke karɓa a kan kowane dare, ban da motar da za ta kai mu Jambiani ta dawo da mu. Katin rigakafin shawara ma dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya. A nan dai mun huta, domin duka muna da shi, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Na cire rana guda ta yawon jirgin ruwa daga tsarin don lissafin ya daidaita, maiɗakina kuwa ko a jikinta.

Wani abu da ya ba mu dariya kafin ta shiga barci shi ne agogo. Suna gabanmu da awa biyu, wannan mai sauƙi ne. Amma a harshen Swahili ana fara ƙirga sa'o'i ne daga fitowar rana, ta yadda ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja", sa'a ta ɗaya. Na rubuta da babban baƙi cewa duk direban da zai kai mu filin jirgi ranar dawowa sai na tabbatar da wane agogo yake nufi. Kalmomin ma da yawa ba baƙi ba ne a kunnenmu, tunda daga Larabci muka ɗebo tare: asubuhi da asuba, sabuni da sabulu, habari da labari, karafuu da kanumfari. Ta ce to ashe za ta iya yin ciniki, ni kuma na ce Allah Ya jiƙan masu shagunan Darajani.

Na rufe shafin tikitin ba tare da na biya ba, ina sane da cewa farashin da na gani yau ba lalle ne in sake samunsa a watan Yuni ba. Na tura wa wani masauki a Jambiani saƙo ina tambaya ko za su riƙe mana ɗaki ba tare da biya ba har biza ta fito, da kuma nisan masallaci daga wurinsu. Tsohon fasfonta da takardar lambar NIN suna cikin ambulan a kan teburi, jibi Litinin da sassafe za mu fara cike takardar sabuntawa, in Allah Ya kai mu.