Asuba a Chandni Chowk

Jinyar kawuna ce ta kai ni Delhi, sati biyar muka yi, kuma duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san bacci ba nasa ba ne. Ranar da jikin ya yi sauƙi sai na ce bari in je in yi asuba a Jama Masjid, masallacin nan da sarki Shah Jahan ya gama ginawa a 1656. Da aka sallame, maimakon in koma sai ƙafa ta ja ni zuwa Chandni Chowk, babban titin kasuwar tsohon birnin Delhi.

Ni a zatona kasuwa zan tarar tana ci, ashe shagunan sai wajen goma ko sha ɗaya suke buɗewa, da sassafe titin na masu ibada ne da 'yan dako. Titi ɗaya ne fa, bai kai kilomita biyu ba, daga jar ganuwar Lal Qila, tsohuwar fadar sarakunan Delhi, zuwa masallacin Fatehpuri, amma a kansa akwai wurin bautar 'yan Jain, ga na 'yan Hindu Gauri Shankar a gefensa, ga Sis Ganj na 'yan Sik masu rawani inda ake dafa abinci kyauta kowa ya zo ya ci, har da coci. A na 'yan Jain ɗin wallahi asibitin tsuntsaye ne guda, tattabara ta karye a fiffike a kawo ta a ɗaure mata, abin ya tsaya min a rai don mu ma asibitin muka zo.

A ƙofar Gauri Shankar na fi daɗewa. Wata tsohuwa na zaune a ƙasa da kwandon furanni ruwan ɗorawa tana zura su a zare da allura, ko kallon hannunta ba ta yi, mutum ya miƙa kuɗi ya karɓa ya tuɓe takalmi ya kaɗa ƙararrawa ya shige, wani da kayan ofis ma, ga turaren tsinke ya cika wajen. Gefenta mai shayi yana ta tafasa madara da citta a tukunya ɗaya, ya zuba min a ɗan kofin ƙasa, na shanye ina neman inda zan miƙa masa kofin sai ya nuna min bola, wai yarwa ake yi.

Can ƙarshen titin, bayan Fatehpuri, akwai Khari Baoli, kasuwar kayan yaji. 'Yan dako na ta sauke buhunan busasshen barkono suna lodawa a kura, su ko a jikinsu, ni kuwa ɗan Kano da nake taƙama na saba da yaji, atishawa da tari suka sa ni gaba har hawaye, wani ɗan dako ya yi dariyarsa mai isarsa sannan ya nuna min in rufe hanci da hankici.

Sai da waya ta yi ƙara na farga bakwai ta wuce, kawu ne ya farka yana cigiyata, wai ina na kai masa filas ɗin shayinsa.