Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Bakin da Ke Kallon Sama

A makon jiya na tsaya ne a shekarar da aka yi wa mahaifina canjin wurin aiki zuwa Zuru. A bayan gidan da muka kama haya akwai wata tsohuwa Badakkara, maginiya, wadda muke kira Iya. Ban da tulu da randa, takan gina irin tukwanen da Dakarkari ke ɗorawa a kan kaburburan manyansu, kuma a saman wasunsu akwai siffar mutum wadda ta fara ba ni tsoro: kai ya tanƙware baya, baki a wangame yana kallon sama, ciki ya kumbura, hannaye 'yan guntaye.

Wata rana ina tsugune ina taya ta tsince tsakuwa daga yumɓu, na ce, "Iya, me ya sa ba ki gyara masa baki ba?" Ba ta ko ɗago ba. Sai ta tsoma yatsa a ruwa, ta ƙara buɗe bakin, ta ce, "'Yar nan, kin taɓa ganin mai kukan mutuwa da kyakkyawar fuska?"

Bayan shekaru, ina karatun aikin yumɓu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka koya mana suriyalizim, wato fasahar da ke ɗauko siffofinta daga mafarki, wadda André Breton ya wallafa manufofinta a birnin Paris a 1924. Abokan karatuna sun yi ta mamakin jikunan da aka ja, aka murɗe, aka narkar. Ni kuwa Iya na tuna, domin a ganina ta riga littattafan suriyalizim sanar da ni cewa baƙin ciki yakan sauya wa mutum kamanni. Ko kawunan Nok, wato na tsofaffin mutum-mutumin yumɓu da aka fara tonowa a ƙauyen Nok, masu idanu hudaddu da girman da ya yi wa jikinsu yawa, ba ma'aunin gaskiya maginansu suka bi ba.

Aikina na farko mutum-mutumin mahaifiyata ne, yadda take a ranar da aka binne ƙanena. Na ja wuyan har ya kai kamu biyu, na rarake ƙirjin ya zama kogo. Da aka gasa shi sai kafaɗar hagu ta tsage, saboda na bar yumɓun da kauri kuma bai gama bushewa ba. Ban liƙe tsagar ba.

Yadda labarin mutum-mutumin nan ya kai kunnen Baba, da abin da ya faɗa mini a zaure, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.