Gaisuwa ce ta fi cinye min kalmomi

Ni a guruf ɗin WhatsApp na koyi rubuta labari, irin wanda kullum da daddare sai kin saki feji, in kika yi shiru kwana ɗaya a cika ki da "Anti lafiya dai ko?". A can tsawo shi ne kasuwa. Ki saki fejin kyauta har labari ya ɗau zafi sannan ki ce daga nan na kuɗi ne, wadda ta biya kuma so take ta ga abu da yawa, shi ya sa muke jan zance, tauraruwa ta shiga wanka ta fito ta shafa mai ta zauna gaban madubi, a faɗi kalar leshi har da ɗaurin ɗankwali, feji ya ƙare ba abin da ya faru.

Sai na zo shiga Hikayata, gasar da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla, aka ce kar labari ya wuce kalma 1500. Wallahi dariya na yi, ni da wannan adadin bai ishe ni in shigo da baƙuwa falo ba.

Da na zauna yankewa na ga inda kalmomina ke tafiya: gaisuwa. Ina kwana, lafiya lau, ya gida, ya yara, ya gajiya, ya muka ji da zafi, duk sai na jera su tunda haka muke yi a zahiri. Amma mai karatu Bahaushiya ce, ta san an gaisa, ba sai na tabbatar mata ba. Cirewa duka kuma bai yi ba, mutanen sai suka koma marasa tarbiyya. Abin da na tsaya a kai shi ne gaisuwa ta zauna in tana ɗauke da wani abu. Amarya ta durƙusa ta ce "Yaya ina kwana", uwargida ta ce "lafiya" ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba, ba ta tambayi kwanan amarya ba, shikenan an gama gaya miki halin gidan. Ko suruka ta yi ta ja da "ya mutanen gidan naku, ya mai jiki" alhali kowa ya san maganar saki ce ta kawo ta.

Ban ci gasar ba dai. Na koma guruf na ci gaba da sakin feji, amma yanzu gajeru ne, wasu na ƙorafi wai na fara rowa, wata ma cewa ta yi kuɗinta bai fita ba. Na ce mata ta yi haƙuri, ba zan ƙara kai kowa wanka ba sai in wani abu zai same ta a banɗakin.