Shiga gidajen mutane lokacin korona

A 2020 korona ba ta tsayar da aikinmu na haɗa sola a Gusau ba, don zafin Afrilu ba ya jira. Yaran shagona ke shiga gidajen mutane, hankalina kuwa ba ya kwanciya. Kafin su tashi sai na kira mai gida: akwai mai tari ko zazzaɓi? In akwai, mu ɗaga aikin, ko da za mu rasa cinikin. Kowa da takunkumi, ga sabulu da jarkar ruwa ɗaure a bayan babur.

Ƙin musabaha ya fi komai ba su wuya. Wani dattijo a Tudun Wada ya miƙo hannu, yaron ya durƙusa daga nesa: "Baba, a gafarce ni, dokar maigidanmu ce." Dattijon ya sa masa albarka, ya sa aka buɗe musu tagogi.