Abin da haƙar burtsatse a bakin teku ke koya wa mai haƙa na Abuja

Mu da muka koyi haƙar burtsatse a Abuja da Jos, tunani ɗaya aikin ya dasa mana: in ruwa ya yi kaɗan, a ƙara zurfi. Ƙasarmu dutse ce, ruwan yana kwance cikin ruɓaɓɓen dutsen sama da tsagogin da ke ƙarƙashinsa, don haka damuwar mai gida a Kubwa ko Rayfield ita ce a samu ruwan. Wanda kwangila ta kai shi Lekki, Ajah ko Bonny da wannan tunani zai sha mamaki. Can ruwa ba ya wuya, yashi ne shimfiɗe cike da shi. Wahalar ita ce raba na daɗi da na zartsi.

Ruwan teku ya fi na daɗi nauyi kaɗan: lita ɗaya kilo 1.025 ce, ta ruwan daɗi kilo 1. Saboda haka na daɗi yana zaune a kan na gishiri, kamar man gyaɗa a kan ruwa. Daga wannan bambanci lissafin 1 da 40 ya fito: kowace mita guda ta ruwan daɗi da ke sama da matakin teku, akwai kimanin mita 40 nasa a ƙasa da matakin kafin a taɓa gishiri. Juya lissafin ka ga haɗarin. In yawan zuƙa ya sauke ruwan unguwa da rabin mita ya zauna haka, iyakar gishiri za ta hauro da kimanin mita 20. Ƙarƙashin rijiyar da ake matsa wa kuma, gishirin yakan taso tsaye kamar tsinin malafa har ya kai bakin famfo.

Kuma ɗan kaɗan ya isa ɓarna. Ruwan teku yana ɗauke da kuloraid, wato sinadarin da ke cikin gishiri, kusan miligiram 19,000 a lita, ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya kuwa 250 ce. Zuba rabin ledar fiya-wata na ruwan teku cikin jarka mai lita 20, ka kusa kai iyakar. Tafasawa ba ta cire shi, alam ba ya kwantar da shi, kulorin ma bai san da zamansa ba.

Inda 'yan arewa muka fi faɗawa rami shi ne karatun safiyo, wato binciken ƙasa da ake yi kafin a haƙa. A Abuja, idan na'urar auna tirjiyar ƙasa ga lantarki ta nuna adadi ya faɗi, murna ake yi, alamar dutse ya ruɓe ya jiƙe ke nan. A gaɓar teku wannan faɗuwar na iya zama hukuncin kisa ga rijiyar, domin gishiri yana sauƙaƙa wa lantarki wucewa. A ma'aunin tirjiya, ruwan teku tsantsa kusan om-mita 0.2 yake bayarwa, yashin da ya sha shi kuma 'yan om-mita kaɗan. Matsalar ita ce yumɓu ma ƙasa yake karantawa, safiyon sama kaɗai ba zai raba maka su ba. Shi ya sa bayan an huda ramin gwaji, kafin a sa kesin, wato bututun da ake jerawa cikin ramin, dole a zura na'ura cikin ramin a ɗauki awo biyu: na gama (wani haske da ido ba ya gani, wanda yumɓu ya fi yashi fitarwa) da na tirjiya. Gama ta hau, tirjiya ta sauka, yumɓu ne. Gama ta sauka, tirjiya ta sauka, yashi ne mai zartsi. Gama ƙasa, tirjiya sama, nan ne za ka sa sikirin, wato sashen bututun mai ƙananan ƙofofi da ruwa ke shiga ta ciki. Masu gida sukan ga kuɗin wannan awo kamar almubazzaranci, alhali bai kama ƙafar asarar rijiya guda ba.

Galibin rijiyoyin da ake cewa teku ta cinye, a ganina, aikin hannu ne ya kashe su. Inda yumɓu ya shiga tsakani, jerin yakan juye: sau da yawa ruwan daɗi yana ƙarƙashin shimfiɗar yumɓu, na zartsi a samansa. Mai haƙa ya huda yumɓun, sannan ya cika gefen kesin da tsakuwa tun daga ƙasa har sama, kamar yadda wasu suka saba a nan. Ya gina wa gishiri hanya da hannunsa. A ingantaccen aiki, tsakuwa a daidai sikirin take tsayawa, da 'yan mitoci a samansa. Daidai yumɓun kuma siminti ake ɗurawa, ruwa kimanin lita 25 ga buhu mai kilo 50, ta siririn bututu daga ƙasa zuwa sama, ba a kwararo shi daga baki ba don yakan maƙale a hanya ya bar kogo. A ba shi aƙalla awa 24. Kesin na ƙarfe kuma tsatsa ke huda shi a irin wannan ruwa, na roba mai kauri ya fi daɗewa in zurfin ya ba da dama.

Gwajin famfo a can ba yawan ruwa kaɗai ake dubawa ba. A zuƙa awa 24 ko fiye, ana auna gishirin da na'urar hannu kowace awa. In adadin yana hawa sannu a hankali, ko da bai wuce maikrosimens 1,000 a santimita (ma'aunin yadda lantarki ke ratsa ruwa) da ƙa'ida ta yarda ba, rijiyar tana jawo zartsi. Sai a rage ƙarfin zuƙa. Ƙaramin sumo mai aiki awa goma yana cika tanki ya fi babba mai gamawa cikin awa biyu, ko da mai gida zai yi ƙorafin man janareta. Kusa da ruwa sosai, matakin rijiya yana hawa da sauka sau biyu a rana tare da cikar teku, kada a ɗauka famfon ne ke wasa.

Ba sai an je teku ake gamuwa da zartsi ba: Awe da Keana a Nasarawa, nan kusa da mu, gishirinsu daga duwatsun kwarin Binuwai yake fitowa, kuma awon cikin rami da rufin siminti suna aiki a can ma. Rijiyar da ta riga ta kamu kuwa, kashe famfo na mako biyu ba ya warkar da ita, gishirin yakan ɗauki shekaru kafin ya janye. A cike ta da siminti tun daga gindi, don in an bar ta a buɗe za ta ci gaba da zuba zartsi cikin yashin da maƙwabta ke sha.