Na ce mata ina azumi

Laraba, Kaulaha. Sha ɗaya ta wuce.

Goggo ta yi barci tun ɗazu, ni kuwa idona biyu. Ƙafafuna na zugi, mayafina na warin hayaƙin kifi, na wanke shi sau biyu bai saki ba. Amma ba su suka hana ni barci ba.

Yau muka je Joal. Tun da aka watse daga Maulidi Yaya yake ta cewa ba za mu zo har Senegal mu koma Kano ba mu ga teku ba. Goggo ta ce ita ziyarar Shehu ta kawo ta, a bar ta a Madina Baye da carbinta. Sai muka tafi mu uku, ni da Yaya da yaron nan ɗan Damagaram, wanda Wolof ya zauna a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Bayan asuba muka ɗau hanyar Fatick. Filayen gishiri fari fat hagu da dama, sai kuma dajin giginya wajen Samba Dia. Raina fes, har waya na yi wa Auta ina ba ta labari.

Warin garin ne ya fara tarbar mu kafin mu ga ruwa. A bakin tekun kwale-kwale ba masaka tsinke, dogaye, an yi musu fenti ja da shuɗi da ɗorawa, an rubuta sunayen shehunai da na iyaye a jikinsu. Amalanken doki na kutsawa cikin ruwa har ƙirjin dokin don ɗauko kaya, samari na gudu da akwatunan kifi a ka, ruwa na zuba a kafaɗunsu. Ban taɓa ganin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar ba sai yau. Na tsaya ina ta tasbihi.

Can bayan gari mata ke yin banda. Ƙaramin kifin da suke kira yaboy suke jerawa, su rufe da karan gero su cinna wuta, in ya huce su ɓare, su barbaɗa gishiri su shanya. Shi ne kecax, wanda ake lodawa a manyan motoci zuwa Burkina Faso da Gini. Wata mai goyo ta ce mana yaboy ɗin da da shi ne cefanen talaka yanzu sai an yi da gaske, don manyan jiragen kamun kifi na kwashewa tun daga can ciki, masana'antun da ke niƙa shi su yi abincin dabbobi kuma suna saye da tsada. Na tuna da bandar Baga da yadda kuɗinta ya tashi a wajenmu.

Mun wuce ta ƙofar gidan mahaifin Senghor, shugaban ƙasarsu na farko, wanda aka haifa a garin a 1906. Ba mu shiga ba, Yaya na sauri.

Daga ƙarshen Joal akwai gadar katako, kusan rabin kilomita, ita ke kai mutum tsibirin Fadiouth. Mota ba ta shiga. Rana ta take, ina tsakiyar gadar na ciro gorar ruwa daga jaka na sha, na miƙa wa ɗan Damagaram ragowar. Ruwa ya ja baya a lokacin, ƙasa duk laka ce, mata sun duƙa suna tono da ƙwarya a gefensu. Kusa da su kuma aladu ne ke kiwo a cikin lakar, manya da 'ya'yansu. Ban saba ba, tsigar jikina ta tashi. Mutanen tsibirin Serer ne, mafi yawansu Kirista, Musulmi kaɗan ne, amma ga masallaci ga coci ana hango su tun daga kan gada.

Tsibirin kansa ɓawo ne. Akwai wani ɗan abin ruwa mai ɓawo biyu da suke kira pañ, shi matan nan ke tonowa. A dafa, a cire naman a shanya, a zubar da ɓawon. Shekaru aru-aru ana zubarwa har ya zama tudun da aka gina gari a kai. Duk inda ka taka sai ka ji ƙurus-ƙurus, har a bangon gidaje an kwaɓa shi.

A wani lungu muka same ta. Tsohuwa ce, za ta yi sa'ar Goggo, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, faifai a gabanta cike da busasshen pañ, ɗan gicciye na katako a wuyanta. Muka gaisa. Da ta ji an ce daga Najeriya muke, Kaulaha muka zo, sai fuskarta ta washe. Ta ce ƙanwarta Musulma ce, ita ma takan je Maulidi. Ta sa hannu ta ɗebo cikin tafi, ta tsince 'yan ɓaraguzan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ta hure, sannan ta miƙo min. Ba sayarwa ba, kyauta. Yaya ya riga ya karɓi nasa yana taunawa.

Na kalli hannun, na tuna lakar nan da aladun nan, sai zuciyata ta tashi. Ɗan Damagaram ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hajiya, abin teku ne, halal ne a wajen Malikawa." Na sani. Ba zancen halal ba ne, ƙyanƙyami ne kawai. Da na ce mata ban saba ba, da shi ke nan. Da na karɓa na ƙulle a bakin mayafi, da shi ke nan. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka ce mata ina azumi."

Yaron ya ɗan yi shiru. Shi na ba ragowar ruwana a kan gada, ko rabin awa ba a yi ba. Bai dube ni ba, ya juya ya faɗa mata.

Ta mayar da abin cikin faifai da sauri kamar ita ce ta yi laifi, ta goge hannunta a zani, sannan ta kama nawa da hannu biyu. Tafinta kaushi, duk tsagar ɓawo. Ta yi magana mai tsawo, idonta a kaina, ba a kan mai fassara ba. Da ta gama yaron ya ce, "Ta ce, 'yata, ƙanwarta ta gaya mata addu'ar mai azumi ba ta faɗuwa ƙasa lokacin buɗa-baki. Ta ce autanta masunci ne, kifi ya yi wuya, ya shiga kwale-kwale zuwa Sifen wata huɗu ke nan. Waɗanda suka tashi bayansa sun kira gida, shi shiru. Ta ce in kin kai ruwa baki yau, ki tuna da shi."

Ta faɗi sunansa sau biyu, a hankali, don in riƙe.

Na ce, "In sha Allahu, Iya." Me zan ce? Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta juye pañ ɗin a leda, fiye da na farko, ta ce in yi buɗa-baki da shi. Na ciro kuɗi ta ture hannuna.

Daga nan ban ƙara gane kan yawon ba. Mun haye wata gadar zuwa tsibirin maƙabarta, shi ma tudun ɓawo ne, da kukoki a kai. Fararen gicciye a jere, can gefe kaburburan Musulmi suna fuskantar alƙibla, duk a waje ɗaya ba katanga. Yaya ya yi sallama ga mamata, na bi shi da baki. Abin da nake tunani shi ne, matar nan ko kabarin da za ta zo ta tsaya a kai ba ta da shi.

Kwale-kwale ya zaga da mu ta cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, muka ga rumbunan gero da aka kafa a kan turaku a tsakiyar ruwa don gudun gobara da ɓera. Sun yi kyau. Hoto ɗaya na ɗauka.

Da muka dawo Joal Yaya ya sayo mana cebbu jen, shinkafa ja da kifi da rogo da kabeji. Na ce ba na jin yunwa. Ina jin tsoron wani daga tsibirin ya wuce ya gan ni da cokali. Yaya ya ce, "Ke dai kin cika sa abu a rai. Ki yi masa addu'ar mana, ai Allah na ji ko ba azumi." Gaskiya ya faɗa. Amma ba wannan ta roƙa ba. Addu'ar mai azumi ta roƙa, ni na ce mata ina da ita, ta kuma biya da abin da ta duƙa cikin laka ta tono.

A mota ɗan Damagaram ya ce tafiyar zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Sifen ta kai kilomita 1,500, mako guda ko fiye a kan ruwa, cikin irin kwale-kwalen da na tsaya ina yaba fentinsu da safe. Ya ce a 2024 kaɗai mutum sama da 46,000 suka isa can ta teku, waɗanda ba su isa ba kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu. Maganar ruwan gada bai tayar ba har muka rabu. Da ma ya tayar, da na fi samun sauƙi.

Magariba ta same mu wajen Fatick. Na yi masa addu'a a sujada, na ambaci sunansa kamar yadda ta koya min. Ina yi ina jin kunya.

Na gaya wa Goggo duka da muka iso. Ba ta yi min faɗa ba. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Gobe Alhamis ai." Ta ce in yi istigfari, ita ma za ta ɗauka tare da ni.

Na saita wayata ƙarfe biyar saura kwata. Akwai ragowar burodi da madara. Ledar pañ ɗin tana nan a kan taga, na ɗaure bakinta saboda kiyashi. Goggo ta ce a jiƙa shi tun la'asar, a wanke yashin sosai, a zuba a miya.