Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gidajen da ke Ƙarƙashin Dutse

A makon jiya na tsaya ne a inda malaminmu na ilimin noma ya tura ni gundumar Montezuma, can kudu maso yammacin jihar Kolorado ta Amurka, domin in yi wata uku ina duba yadda ake noman wake ba tare da ban ruwa ba. Na sauka a Kortez, hedikwatar gundumar, ƙaramin gari mai busasshiyar iska irin ta hunturunmu, wadda ta tsattsage mini leɓe tun kwana na biyu. Ƙasar ja ce, ga duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai, ga kwazazzabai masu zurfi, a gefe kuma akwai wani tsauni da ake kira Ute Mai Barci, saboda ya yi kama da mutum kwance ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Wata Asabar manomin da nake zaune a gidansa ya kai ni Mesa Verde, wurin da gwamnatin Amurka ta keɓe tun 1906. Da muka gangara ƙarƙashin wani ƙaton dutse, sai ga gari guda a cikin kogo, mai ɗakuna kusan 150, an gina su da sassaƙaƙƙen dutse da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ni ɗan magini ne, don haka idona ya tafi kan yaɓen, kuma a can na ga sawun yatsun wanda ya danna ƙasar da hannunsa fiye da shekaru 700 da suka wuce, daidai yadda Baba yake barin nasa a katangar zaure. An hana taɓawa, sai na tsaya ina kallo har ayarinmu ya yi nisa.

Mutanen wurin manoman masara da wake da kabewa ne, kuma sun tashi kafin shekarar 1300, a zamanin wani fari da ya kama daga 1276 zuwa 1299. Wani baƙo ya tambayi jagorarmu dalilin ɓacewarsu, ita kuwa ta gyara masa a natse cewa ba ɓacewa suka yi ba, ƙaura suka yi zuwa kudu, kuma jikokinsu su ne Hopi na Arizona da Zuni da sauran al'ummomin Pueblo na New Mexico. Maganar ta shige ni ƙwarai, domin a farin 1973 iyayena sun bar kufai a Damagaram suka gangaro Kano, kuma har yau ba mu daina kiran can gida ba.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne labarin Gustaf Nordenskiöld, mutumin Suwidin da ya tone kaburburan wurin a 1891 ya kwashe ƙasusuwan mutane zuwa Turai. Sai a 2020 ƙasar Finlan, inda aka adana su, ta mayar da ƙasusuwan mutum 20, zuriyarsu suka sake binne su.

A hanyar komawa manomin ya nuna mini titin Towaoc, mazaunin ƙabilar Ute, inda na je washegari da safe. Daga nan zan ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.